Kalkuletar Marigayi James

Ana idar da sallar magariba a unguwar Hausari, Mahfuz ya ji wata ƙara a zaure: kacak, kacak, kacak. Ya san ƙarar sarai, don da ita ya tsufa. Sana'arsa gyaran tsofaffin kalkuleta masu buga lissafi a takarda, irin waɗanda aka daina yin kayansu tun yana saurayi. Kayan gyara sai dai a nemo matacciya wajen 'yan gwangwan a Kasuwar Litinin, a fige ta a rayar da wata. Wadda ke ƙarar kuwa matacciya ce. Bayan ambaliya ya saye ta, cike da laka, kuma ya riga ya cire mata ɗan injin da ke buga lambobi ya sa wa wata.

Ya tsaya a kanta har ta yi shiru. Bai ji tsoro ba. Tun da ruwa ya cinye masa shago, zuciyarsa ta daina jin abubuwa da yawa.

Washegari aka fara jifa. Tsakuwoyi ne ƙanana, masu danshi, suna sauka a kan kwano duk faɗuwar rana. Sai kuma 'yarsa Munira ta daina magana. Tana zaune a tabarma ido buɗe, yatsunta na danna iska, ba ci ba sha. Uwarta Rashida ta yi kuka har ta gaji, ta koma tana ɗura mata kunu da cokali yana zubowa.

Da abin ya ƙi ƙarewa aka ɗauko Malam Ba'ana daga unguwar Ajilari, dattijo marar son surutu. Ya turara hayaƙi, ya dafa kan yarinyar, ya yi ta karatu har duhu ya rufe tsakar gida. Can bakin Munira ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito, a gajiye. Ta ce harbe-harbe ne suka kore ta daga kukarta a ƙauye, ruwa ya kore ta daga rijiyar da ta samu a gari, ta laɓe a cikin wannan ƙarfen, shi ma an zo an fige shi.

"Ina kuke so in je?" ta ce.

Malam ya ce ta koma daji, jikin 'yar mutane ba masauki ba ne. Ta ce dajin ma yanzu da masu shi. A dawo mata da abin da aka cire, ko a ba ta izini ta bi shi inda yake.

Mahfuz ya san inda yake. Yana cikin kalkuletar Mama Rebeka, matar marigayi James, akawun coci. Ta daɗe tana yawon neman wanda zai tayar da kalkuletar mijinta, ba don tana da lissafin yi ba. Ya kuma san ya liƙe injin da dalma, cire shi kashe shi ne. Ya dubi wuyan Munira da ya rame. Malam ya ɗaga hannu zai hana shi, amma ya riga ya yi magana.

"Bi shi."

Yarinyar ta yi atishawa, ta faɗi, ta farka tana neman ruwa. Malam ya naɗe buzunsa ya fita, ko sallama bai yi masa ba.

Mahfuz ya yi ta jan ƙafa wajen zuwa gidan Mama Rebeka. Kunya ce ta kai shi a ƙarshe, wata yamma, da niyyar faɗa mata komai. Ya same ta a baranda ta yi wanka ta sa zane mai kyau, kalkuletar na kan tebur, wayarta a naɗe ba a jona ba. Ta ce kwanan nan, bayan gyaran da ya yi mata, kullum rana na faɗuwa sai ta kama aiki da kanta, daidai lokacin da James yake zama a kanta. Ta ce ta daina cin abinci ita kaɗai.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Me ya kawo ka?"

Kalkuletar ta fara, kacak, kacak. Matar ta juya gare ta tana murmushi.

"Wucewa nake yi, Mama," ya ce. "Na ce bari in gaishe ki."