Man Shanu a Bakin Tsumma

Da hantsi, a gaban mata ashirin, Khairat mai gwajin madara ta koperatif ɗin Waca ta tsoma kwalbar awonta a bidon Hajja Yalwa, jarkar da ake kawo madararta a ciki. Kwalbar ta nutse fiye da ƙa'ida. Ta tace madarar da farin tsumma, sai ga gansakuka shar.

"Hajja, ruwan tafki ne a ciki. Yaran lakwal ne, 'yan makaranta, za su sha wannan. Ba zan karɓa ba, katinki na koperatif kuma na riƙe."

"Ni? Shekara arba'in ina tatsa tun uwarki tana tallan gyaɗa!"

"Na sani, Hajja. Amma kwalba ba ta san shekaru ba."

Hajja ta zage ta tas. Yarinyar ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma janye ba. In kati ya tafi, sunan Hajja ya tafi, ko a kasuwar Bande ba mai sake taɓa ƙwaryarta. Hajja ta fizge tsumman, ta nufi jandarma.

Komanda Abdulwahabu ya tara mutum uku da madarar ta bi ta hannunsu, ya kira Khairat shaida. Bai gama buɗe littafinsa ba Hajja ta karɓe tambayar.

"Manzo, kai ka tatsa. Da me ka wanke hannu?"

"Ruwan rijiya, Hajja. Tafkinmu ya ƙafe tun kaka, kowa ya sani," in ji tsohon makiyayinta.

"Ɗela, ke kika wanke bidon."

"Na wanke, na kife shi a rana," in ji surukarta. "Ke kika cika shi da hannunki har wuya, Inna."

"Haka ne. Sadisu?"

Sadisu ɗan kabu-kabu, wanda ke kai bidon gari kullum, ya gyara hula. "Wallahi Hajja daga ƙofarki sai koperatif. Ko saukar da ƙafa ban yi ba."

"Cike ya taho?"

"Maƙil."

Hajja ta shimfiɗa tsumman a kan teburin komanda, ta lakato wani abu rawaya da farce, ta kai masa hanci.

"Ɗan nan, mene ne wannan?"

"Kamar man shanu."

"Ba kamar ba, shi ne! Ku masu takarda ba ku taɓa kaɗa nono ba. Gora in ya cika maƙil, ka yini kana girgiza, mai ba ya fita. Sai da sarari madara ke dukan kanta. Bidon nan ya yi tafiya mai nisa da rabin ciki, yana tsalle a ramukan hanya. Da a gida aka zuba ruwa, da cike zai taho, ba mai ko ɗigo. An rage shi a farkon hanya, an cika shi a ƙarshe. Tafki ɗaya ya rage da ruwa a hanyar nan, na bakin gari."

Khairat ta matso, ta murza man tsakanin yatsu. "Gaskiya ne, Komanda. Ba a koya mana wannan ba, amma gaskiya ne."

Komanda ya duba tayar moton Sadisu: baƙin taɓo ɗanye, a watan da ƙasa ke tsagewa. Aka aika wurin mai shayin mararraba ta farko, ya ce sati biyu ke nan Sadisu ke kawo masa madara da ɗuminta.

Sadisu ya durƙusa. "Hajja, ke uwa ce..."

"Uwar yaran da za ka shayar da taɓo, ita ma uwa ce. Tashi ka ba ni wuri!"

Khairat ta miƙo kati. Hajja ta naɗe hannu.

"Ba nan ba. Inda kika karɓa, gaban matan nan."

Washegari Hajja ta ɗauko bidon a amalanke da kanta. Khairat ta ba ta kati da hannu biyu a gaban kowa, ta faɗi abin da ya faru. Sannan ta ɗauki kwalbar awo, ta ɗan tsaya tana duban tsohuwar.

"Me kike jira?" in ji Hajja. "Tsoma! Jikana Souleymane a lakwal ɗin nan yake. Ranar da kika ji kunyata kika bar gwaji, ranar zan kai ki jandarma."