Baƙon Dauro a Makon Biki

Maijidda na zaune a tsakar gida, hayaƙin turaren wuta na ratsa kayan lefenta, hankalinta kuwa yana can wurin Sagir, malamin lafiyar da ke bin gidajen Unguwar Sarki yana kai wa hukuma rahoton cututtuka. Ran Asabar za a ɗaura musu aure. Har ta hango ɗakinta: labule shuɗi, iska na kaɗa shi, Sagir na sallama a bakin ƙofa.

Tari ne ya dawo da ita. Hajara, autarsu, na ƙuryar ɗaki a lulluɓe, idanu jajur.

"Baƙon dauro ne," in ji Umma ƙasa-ƙasa. "Ba wanka, ba allura, don allura mayar da ƙurajen ciki take yi. Kada Sagir ya ji. In ya ji, hukuma ta ji, sai a ɗage biki."

"Umma, yaran dangi fa za su cika gidan nan—"

"Ni na haife ki, ko ke kika haife ni?"

Da la'asar Sagir ya zo zance, duk ya gaji.

"Yara biyu ƙyanda ta ɗauke a Doka, Jidda. Sai bayan an binne ake gaya mana." Ya dube ta, ya murmusa. "Amarya ta yi shiru. Ko an fasa da ni ne?"

Ta ga labulen nan shuɗi yana nisa da ita. Hawaye suka zubo.

"Hajara ce," ta ce.

Kafin magariba an kwantar da Hajara a asibiti, ciwon har ya taɓa huhu. Washegari masu rigakafi suka cika layin. Baba ya ɗage biki. Maƙwabta suka ce ango ya gudu, Umma kuwa ta daina amsa gaisuwar Maijidda.

"Kin tona mana asiri saboda saurayi!" in ji Umma.

Maijidda ta ninke lefenta, ta koma jinya.

Ran da aka sallamo Hajara, a rame amma tana dariya, Umma ta daɗe tana kallonta. Can ta tashi ta kwaɓa lalle da kanta.

"Miƙo hannun, sarkin taurin kai," ta ce wa Maijidda. "Da na biye wa kaina, da rumfar bikin nan ta zama ta zaman makoki."

Maijidda ta miƙa hannu, sanyin lallen ya ratsa ta har zuci. Biki in an ɗage shi yana dawowa, amma rai in ya tafi ya tafi ke nan. Mai haƙuri a kan gaskiya ba ya taɓewa.