Ranar da Aka Ɗura wa Kili Kanwa

Rabilu bai gama kafe ɗan babur ɗinsa mobilet a ƙofar gidan Malam Mumuni da ke ƙauyen Bazaga ba, Tsahara, ɗiyar mai gidan, ta leƙo daga zaure ta toshe hanci da bakin gyale.

"Wai! Likita, yau kuma cikin wane doki ka shiga?"

"Hannu kaɗai na sa," in ji shi yana dariya. "Amma har kafaɗa."

"Subhanallahi! Kuma da hannun nan za ka ci tuwona? Sori, sai ka sake wani."

Haka suke kullum, ita da tsokana, shi da haƙuri. An riga an sa musu rana bayan kaka, a shekarar 1989. Rabilu ya gama karatun likitan dabbobi, aka turo shi Konni ya yi wata shida yana koyon aiki da hannu a wajen Dakta Iliyasu, wani dattijo mai faɗa wanda ya tsufa a kan dawaki. Dakta ba ruwansa da takardar shaida. Kowace safiya sai ya jera sababbin likitocin a gaban doki, wannan ya kafa kunne a ciki ya saurari motsin hanji, wancan ya sa yatsa ƙarƙashin muƙamuƙi ya ƙirga bugun jini. Abin da ya fi tsananta musu a kai shi ne tiyon ba da magani, wanda ake zurawa ta hanci har tumbi.

"Hanya biyu ce a maƙogwaro," ya kan ce. "Ɗaya ta abinci, ɗaya ta numfashi. Ka ga tiyo ya bi gefen hagu na wuya da idonka, ka shinshina ka ji warin tumbi, sannan ka zuba. In ruwa ya bi hanyar huhu, ka nutsar da doki yana tsaye!"

Ranar nan a Bazaga, ba su ko zauna zance ba suka ji salatin Inna Uwani, mahaifiyar Tsahara, daga bayan gida. Kili ne, farin dokin Malam Mumuni, wanda ya raina tun yana ɗan duƙushi, yake zuwa gona da kasuwa a kansa shekara goma sha ɗaya. Ya tsinke igiya da rana ya ci sabon wake har ya ƙoshi, ga shi yanzu yana kwanciya yana tashi, yana harbin cikinsa, gumi ya jiƙa shi sharkaf.

Rabilu ya durƙusa ya gaida surukinsa, kansa a ƙasa, sannan ya duba dokin. Ciwon ciki ne, kuma bai kai na mutuwa ba. Ya yi masa allurar rage zafi daga ƴar jakarsa.

"Baba," ya ce a hankali, "a dinga zagayawa da shi. Ni zan koma Konni in ɗauko tiyo."

"Konni?" in ji Malam Mumuni. "Kafin ka tahi ka komo doki ya mutu. Uwani, jiƙa mini kanwa! Haka munka gada, haka ubana ya yi wa nashi."

Aka kawo ruwan kanwa cikin kwalba. Malam Mumuni ya jefa igiya a reshen darbejiya, ya ja kan Kili sama har hancinsa ya kalli sararin sama. Rabilu ya san abin da zai biyo baya kamar yadda ya san sunansa. Amma maƙwabta sun taru, ga surukarsa tsaye, ga dattijon da ko idonsa bai taɓa kallo ba. Yaya za a yi saurayin da ko aure ba a ɗaura masa ba ya ce wa uban yarinya "bari" a gaban jama'a?

"Da dai an ɗan dakata…" ya ce, da muryar da ko shi da ƙyar ya ji.

"Mi ka ce, ɗana?"

"Ba komi, Baba."

"To, kama mini kan nan da kyau, kai ne mai ƙarhi."

Wallahi ya kama. Da hannunsa biyu ya riƙe kan Kili, Malam Mumuni ya kafa kwalba a hanci ya tuttula. Dokin ya yi wani irin tari mai zurfi, ya sake, ya sake, ruwa na fita ta hanci da baki. Mutane suka ce madalla, magani ya shiga.

Washegari ciwon cikin ya wuce, aka yi ta sa wa kanwa albarka. Kwana uku bayan haka Kili ya daina cin abinci, jikinsa ya ɗau zafi, wata majina mai ɗoyi ta fara zuba daga hancinsa. Rabilu ya ɗauko Dakta Iliyasu. Dakta ya sa abin sauraro a haƙarƙarin dokin, ya daɗe, sannan ya miƙa wa Rabilu ya ce ya saurara shi ma. Suka yi ta allura safe da yamma, amma huhu ya riga ya ruɓe. Ran kwana na bakwai da hantsi, Kili ya kwanta bai sake tashi ba.

A hanyar komawa Dakta ya tsayar da mota a bakin titi.

"An yi mishi ɗuri ta hanci, ko? Kana ina?"

"Ina wurin, Dakta. Ni na riƙe kan."

"Kai ka riƙe!" Dakta ya bugi sitiyari. "Wata huɗu ina koya maka, ashe bango nike wa magana? Mi ya hana ka buɗe baki?"

"Surukina ne."

"Doki ya san suruki? In ka sa hannu a jikin dabba, ba ka da uba, ba ka da suruki, sai ita. Ilimin da ba ka iya faɗinshi a gaban manya, ka mayar wa makarantar lakwal kayanta!"

Rabilu ya yi kuka ranar, kukan da rabonsa da shi tun rasuwar mahaifinsa.

Amma abin bai tsaya nan ba. A Bazaga magana ta juya: kanwa ta warkar da doki, allurar yaron nan ce ta kashe shi. Inna Uwani ce kan gaba, daga rijiya zuwa gidan suna tana faɗi.

"Koyo shike da dabbobin mutane! Su ma ba ta hanci suke ba da magani ba? Namu ne bai da kyau don ba mu yi lakwal ba? Wanda bai iya riƙe amanar doki ba, ɗiyata za ya riƙe?"

Malam Mumuni bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai aika gidan su Rabilu cewa a dakata da maganar aure, kuma kada yaron ya sake zuwa zance. Ranar kasuwa kuwa, in Rabilu ya nufi doki da allura, sai mai shi ya ja linzami ya ce a bari Dakta ya zo. Da Dakta ya huce, ya ce zai je Bazaga da kansa ya tara mutane ya bayyana musu gaskiya. Rabilu ya roƙe shi kada ya yi, don in aka kunyata dattijon a gaban garinsa, ba dokin, ba auren. Ya haɗiye, ya ci gaba da aikinsa, yana ramewa kamar mai jinya.

Wata biyu a haka. Ran wata Laraba ya ci karo da Tsahara a kasuwar Konni, ta rako gwaggonta sayen atamfa. Ita ma duk ta zube. Ta ja gefe, hawaye na bin fuskarta.

"Inna ta fara maganar a mayar muku da kayanku," ta ce. "Ka gaya mini tsakaninka da Allah, allurarka ce?"

"Ba ita ba ce." Ya faɗa mata komi, har riƙon kan.

Ya zaci za ta tausaya masa. Ina! Sai ta share hawaye ta dube shi ido cikin ido.

"Ashe shirunka ya kashe Kili, yanzu kuma kana son ya kashe ni? Wannan ba haƙuri ba ne, tsoro ne! Ban ce ka tona wa Baba asiri ba. Amma Baba tun da dokin nan ya mutu bai cin abincin kirki, bai hira da kowa. Kullum yana gona shi kaɗai. In kana sona, ka same shi can."

Washegari da hantsi Rabilu ya sami Malam Mumuni a gonarsa yana ɗaure damin gero. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa. Bakinsa ya yi nauyi kamar ranar nan, amma wannan karon ya tilasta masa.

"Baba, na zo ku gafarta mini. Ina da hannu a mutuwar Kili, amma ba ta allura ba. Ruwan kanwar nan huhu ya shiga. Na san haka za a yi tun kafin a zuba, kunyarku ta hana ni faɗi, har na riƙe muku kan. Ku ba ku sani ba, ni na sani. Laifina ya fi."

Dattijon ya saki igiyar damin. Ya zauna daɓas a kan kara.

"Na sani," ya ce. "Tun tarin nan na sani. Ina yaro anka yi wa dokin ubana ɗuri, ya yi wanga tari, kwana shida ya mutu, anka ce maita ce. Da na ji Kili ya yi shi, jikina ya ba ni. Amma ƙaƙa zan ce da hannuna na kashe shi? Da Uwani ta ce allura ce, sai na ji sanyi, na bar ka da kayan. Wata biyu ana zaginka, kana da bakin da za ka tona ni, ba ka yi ba."

Ya sa hannun riga ya share ido. Rabilu bai taɓa ganin babban mutum na kuka haka ba, shi ma nasa suka zubo.

"Da ka daka mini tsawa ranan, da na yi hushi, ƙila har in kore ka," in ji Malam Mumuni. "Amma da Kili na nan. Tashi, ɗana. Ni ya kamata in durƙusa."

Ranar Juma'a bayan an sauko, Malam Mumuni ya tsaya a ƙofar masallaci ya faɗa wa mutanen Bazaga da bakinsa abin da ya kashe dokinsa, ya kuma ce ranar aure tana nan yadda aka sa. Inna Uwani ta yi kwanaki ba ta fita rijiya, daga baya ta aika wa Rabilu da fura a matsayin ban haƙuri. Aka ɗaura aure bayan an gama shigar da amfanin gona, Dakta Iliyasu ya zo har da sabuwar hula, yana ta faɗa wai goron bai kai gare shi ba.

Malam Mumuni bai sake ɗaure doki a gidansa ba har ya bar duniya. Da ƙafa yake zuwa gona, in tafiya ta yi nisa ya hau amalanken maƙwabci.

Kunyar manya ado ce ga yaro, kuma haƙurin da Rabilu ya yi bai faɗi ƙasa ba, ga shi ya sami Tsahararsa. Amma ku sani, in rai na hannunka, kunyar da za ta rufe maka baki ba ladabi ba ce. Gaskiyar da ya faɗa a gona ta ceci aurensa. Da ya faɗe ta wata biyu kafin nan, a gindin darbejiya, da ta ceci Kili ma.