Ranar da Baba Ya Zo Gwajin Waƙa

Ranar da ta fara zuwa gwajin waƙa a makare ta iso, ta lallaɓa ta tsaya a layin baya. Shugaban mawaƙan, wanda kowa ke kira Mai Sanda, ya ɗaga hannu, muryoyi arba'in suka ɗauke ɗif.

"Na ji sabuwar murya a can," ya ce yana murmushi. "Kada ki ɓoye mana ita, 'Yar Baya."

Sunan ya bi ta, ita kuma zuciyarta ta bi mai sunan.

A ƙa'idar aikinsa, da ido yake ba kowane layi alamar shiga. Amma bayan wata biyu sai ya daina duban wajenta, kullum idonsa na kan mai jan baiti, wata doguwa mai iyayin tsiya. 'Yar Baya ta riƙa shiga a makare, kishi na cin ta. Da tura ta kai bango ta aika masa saƙo:

"Tunda idonka ya samu wurin zama, ni na bar ƙungiya."

Ko minti ba a yi ba amsa ta shigo:

"Haba Tauraruwata! In na kalle ki, bugun waƙar ne ke ɓace mini. Sau uku ina kai mutum arba'in daji saboda ke. Ki dawo, kuma ki ba ni izinin zuwa gaida Baba."

Baba kuwa, tsohon makanike, ya ce atafau.

"Mutumin da sana'arsa kaɗa hannu a iska? Ba zan ba shi 'yata ba."

"Baba, ka zo sau ɗaya ka gani. In ka sake cewa a'a, na haƙura."

Ta san kasada ta yi, don Baba ba ya magana biyu.

Ranar Asabar ya zo, ya zauna a bencin ƙarshe fuska a murtuke. Ana tsakiyar waƙa Mai Sanda ya tsayar da kowa.

"Layi na uku, na biyu daga hagu. Yaya, muryarka ta ɗan sauka. Mura ce?"

"Ita ce, Malam."

"Sannu. Huta a wannan baitin, na kusa da kai zai riƙe maka."

Baba ya gyara zama. Shekara talatin ya yi yana gane fulogin motar da ya mutu daga jin ƙarar inji kawai, tun kafin a buɗe bonet. Ana tashi ya yafito saurayin.

"Cikin mutum arba'in ka ji ɗaya?"

"Na ji, Baba."

"Kuma ba ka kunyata shi ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Mai irin wannan kunne zai ji damuwar 'yata ko ba ta faɗa ba. Turo manyanka."

Zauren ya kaure da tafi da shewa. 'Yar Baya ta rufe fuska, tana dariya tana hawaye.

Ranar biki mawaƙan suka rera har rufin ɗaki ya amsa. Baba ya kama hannun 'yarsa ya damƙa wa angon.

"Ga ta nan, ɗana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba."

Murya arba'in suka ce amin a tare.