Matar Ƙofar Sauri

"Wace ce ita?"

Talatu ta tsaya a bakin shagon Isiyaku na gyaran keken ɗinki, idanunta jawur.

"Farin cikina, ko gaisuwa babu?"

"Kar ka ƙara ce mani farin cikinka! Wace ce matar da kake zuwa gidansu a Ƙofar Sauri?"

Bai musa ba. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

"Maganar Ubangiji ke kai ni."

"Bishara? Wurin bazawara Musulma, kana sallama a zaure kamar mai zance?"

"Amana ta ba ni, Talatu..."

Ta juya tana kuka.

Laraba ce ta kawo mata labarin, ƙawarta ta ƙungiyar mawaƙan coci, wadda ta daɗe tana son Isiyaku a ɓoye, tana yi mashi kallon ƙasa-ƙasa. Ba ta tsaya nan ba, sai da ta kai maganar kunnen Baba Tanko, mahaifin Talatu. Dattijon ya ce a dakatar da batun aure.

"Ko matar yake so, ko addininsu zai koma, ko ya jawo mana fitina muna zaune lafiya da mutane. Ɗiyata ba ta shiga!"

Talatu ta daina cin abinci. Ran nan da la'asar ta yafa gyale, ta yi ta tambaya har ta gano gidan.

A zaure ta tarar da wani magidanci a kan tabarma, fuska ba walwala.

"Ke ma wa'azin kika kawo?"

"Yaya Salisu, bar ta ta shigo," in ji wata murya daga ciki.

Matar ta fito cikin hijabi, ta dube ta sosai.

"Ke ce Talatu. Ni Hafsat. Ba ya zama bai ambace ki ba."

"Me ke tsakaninku?"

Hafsat ta sauke numfashi.

"Innata Kirista ce, daga wajen Malumfashi. Ina ƙarama ta rasu. Gidanmu ba mai tayar da zancenta. Ranar da ya zo gyara mani keke, ina jin shi yana wata waƙa ƙasa-ƙasa, sai na gane ta... Da ita innata take goya ni. Na roƙe shi ya faɗa mani abin da uwata ta yarda da shi, na kuma ce kar kowa ya ji. Kin san bakin unguwa."

"Ni kuwa ban taɓa barin su su biyu ba," Salisu ya ce. "Har yau ban yarda da shi ba."

Talatu ta ce, "Ya kira ki ga Yesu?"

"Ya kira ni, bai ɓoye ba. Na ce mashi Musulma nake, a haka nake fatan komawa ga Allah. Idonshi ya kawo ruwa. Na ɗauka shi ke nan. Washegari sai ga shi, wai bai ƙarasa mani labarin ba."

Talatu ta rufe fuska da gyale.

Ba ta zarce gida ba, shagon Isiyaku ta nufa.

"Ka yafe mani, masoyina..."

"Ai tun kafin ki kai bakin titi na yafe."

Da Baba Tanko ya ji gaskiyar lamarin, sai ya ce a sa rana. Laraba ta daina zuwa koyon waƙa.

Ranar ɗaurin aure Hafsat ba ta shiga coci ba. Ta taga Talatu ta hango ta tsallaken titi, a bayan babur ɗin Salisu, tana share hawaye, mawaƙa suna rerawa. Salisu ya haɗe rai, yana ta duba hanya ko wani zai gan su.

Amma bai tayar da babur ɗin ba sai da aka gama.