Facin da Dogo Ya Goge

Gab da magariba Dogo ya koma ofis don ya ƙarasa ɗan aikin da ya bari. Shi ke kula da kwamfaila a tsarin kwamfutarsu na kyauta, wato manhajar da ke juya rubutun mutane zuwa yaren na'ura. Duk wata masu asalinta kan fitar da sababbin gyare-gyare, shi kuma ya kwaso ya haɗa da nasu, kada a bar su a baya.

Yau haɗin ya cije a wuri ɗaya. Wani tsohon faci ne, 'yan layukan gyara da dattijon da ya riƙe aikin kafin shi ya liƙa a cikin manhajar, an rubuta a samansa: "Kada a cire." Dogo, sarkin ganin dama, ya ja tsaki ya goge. Ya sa kwamfailar ta gina kanta kamar kullum.

Fankokin injuna suka tsaya cak. Ƙaurin gashi ya cika ɗakin.

Maɓallan kwamfutar suka fara danna kansu. Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Fayil ɗin da ake rubuta sunan mai kula da aikin ya buɗe da kansa. Sunan Dogo ne a ciki.

"Shekara tara dattijon ya ɗaure ni da facin nan," wata murya ta raɗa a ƙeyarsa. "Ka kwance ni. Mai sunan nan nawa ne."

Yatsunsa suka fara sandarewa ɗaya bayan ɗaya. Sanyin ya hau hannu, ya nufi ƙirji.

"Ko... ko sunan wa ke ciki?" in ji Dogo.

"Ko na wa."

Yatsa ɗaya ya rage masa. Da shi ya goge sunansa, ya rubuta na yayansa, wanda ya koya masa aikin, ya kuma daɗe yana roƙon a sa shi ciki. Ya tura gyaran.

Fankoki suka tashi. Ya fice a guje, ko takalmi babu.

Washegari yayan ya kira, murya cike da murna. "Ƙanena, ashe ka tuna da ni! Allah ya yi maka albarka."

"Ai ka cancanta, Yaya," in ji marar imanin.

Yau sati uku yayan na zaune gaban allon kwamfuta, ba ci ba magana, yatsu sun fashe suna jini, haɗin gyare-gyare kawai yake. Kwamfailarsu ba ta ƙara zama a baya ba ko da kwana ɗaya. Da matar yayan ta durƙusa tana kuka tana roƙon ya cire sunan mijinta, Dogo ya dube ta ya ce, "Wallahi Anti, na manta kalmar sirrin."