Fitilar da Ta Ƙi Yin Ja

Da hantsi Alhaji Iliyasu, dillalin taki a unguwar Roumdé Adjia ta Garwa, ya kai ƙara komisariya, ofishin 'yan sanda. An kwashe rabin sitonsa na garin Bibémi, kyamarori kuma ba su ɗauki komai ba. Tun jiya aka tsare maigadi Gaston.

Sufeto Salmanu aka ba binciken. Mai kula da na'urorin Alhaji ƙanen sufeton ne, Bilya, kuma shi da bakinsa ya tsaya masa aka ɗauke shi aiki.

A ofishin Alhaji na Garwa, Bilya ya nuna wa Salmanu allon kwamfuta a gaban Alhaji.

"Manhajar nan tana leƙa sabar, wato kwamfutar da ke sito, ta ga ko shirin ɗaukar hoto yana aiki. In ya tsaya, fitila ta koma ja, wayar Alhaji ta yi ƙara. Ga ta nan kore shar, Yaya."

"A nan Sufeto nake. Wa ya saita ta?"

"Ni. Amma na'ura ba ta ƙarya. A tambayi Gaston."

Salmanu bai san kan kwamfuta ba, amma ya san ƙanensa. Tun suna yara, in Bilya zai shara ƙarya, sai ya fara sosa ƙeya. Yanzu ma hannun yana can.

Ya kira akawun sito a waya. "Madam Véronique, zare wayar wutar sabar."

"Na zare, chef. Ta yi tsit."

Suka zuba wa allo ido. Fitila ko gezau.

"Wataƙila rezo ne, layin sadarwa ya yanke," in ji Bilya.

Salmanu ya hango wani akwati yana ƙyafta ido a ƙarƙashin tebur, na kyamarar ofishin nan. Ya durƙusa ya fizge wayarsa. Nan take fitilar Bibémi ta koma ja, aljihun Alhaji ya ɗau ƙara.

Kunya ta lulluɓe Salmanu, har ya so ya yi zamansa a ƙarƙashin teburin.

"Ka juya manhajar tana gadin wannan akwatin, da sunan Bibémi," ya ce. "Sannan ka kashe hoton can."

Bilya ya sunkuyar da kai. "Wani direban Ngawundere ne ya ce zai kwashe, mu raba. Gaston kuwa ni na aike shi kasuwa ta waya. Bai san komai ba."

Alhaji ya kashe ƙarar wayarsa, ya zauna. Da zagi ya yi, da ya fi wa Salmanu sauƙi. Can ya nisa ya ce, "Sufeto, albarkacinka, a bar maganar a cikin gida."

"Gaston fa, Alhaji? A cikin wane gida ya kwana?"

Salmanu ya ciro ankwa. Bilya ya dubi ƙofa, inda 'yan kasuwa suka yi cincirindo.

"Yaya, don Allah, ta ƙofar baya. Duk sun san Baba."

"Ta gaba na shigo da kai aikin nan," in ji Salmanu. "Miƙo hannu."